Bel ɗin ƙirji na Polar H10 a atisayen shiga kakar wasan ƙwallo a Jos: abin da yake gani da abin da ke kuɓuce masa

Da zarar damina ta kankama a Jos, wajen Yuli zuwa Agusta, filaye sukan cika tun da sassafe, daga filin wasa na Rwang Pam har filayen makarantu na Bukuru da Farin Gada. A 'yan shekarun nan gasar NPFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, tana buɗewa ne tsakanin ƙarshen Agusta da Satumba, don haka makonni shidan da ke gabanta su ne na shan wuya: gudu, hawan tudu, atisaye safe da yamma. Ma'aunin da yawancin masu horarwa ke riƙe da shi har yau ido ne. Wanda ya dafa gwiwa ya yi aiki, wanda rigarsa ta jiƙe sharkaf ya yi aiki, wanda ya gama yana dariya ya yi ha'inci. To a garin da sanyin safiya kan hana gumi tsattsafowa, yayyafi kuma ya jiƙa rigar mai himma da ta malalaci baki ɗaya, idon nan yana yawan cin amanar mai shi.

A nan ne Polar H10 yake shigowa. Bel ne na roba da ake ɗaurawa a ƙirji, da wata 'yar na'ura mai kusan girman akwatin ashana, wadda ake maƙalawa a gabansa da maɓallai biyu. Kamfanin Polar na ƙasar Finland ne ya fitar da shi a 2017. Aikinsa ɗaya ne tak: ƙirga bugun zuciya daga siginar lantarkin da zuciyar ke bayarwa, ya tura wa waya ko agogo. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, ga ƙungiyar da ba ta da kuɗin rigunan GPS masu auna nisa da saurin ɗan wasa, babu wani kayan awo da zai gyara atisayen juriya da kuɗi kaɗan kamarsa. Amma rabin shirin wasa kawai yake gani, kuma rabin da ba ya gani shi ne wanda ke kwantar da 'yan wasa a mako na biyu da fara gasa.

Abin da ke cikin kwalin

Na'urar tana aiki da batir ɗin agogo samfurin CR2025, wanda kamfanin ya ce yana kai sa'o'i 400. Ba a yi mata caji, kuma duk wanda ya taɓa kwana a sansanin atisaye babu wuta ya san darajar wannan. Tana tura bayanai ba tare da igiya ba ta hanyar Bluetooth da makamancinsa ANT+, tana iya haɗuwa da na'urori biyu na Bluetooth a lokaci guda, ruwa ba ya shiga cikinta har zurfin mita 30, saboda haka ruwan saman Agusta ba abin damuwa ba ne. Tana da ma'ajiyar da ke riƙe atisaye guda ɗaya ko da waya ba ta kusa. Bel ɗin kansa yana zuwa da girma daban-daban, irin su XS–S da M–XXL. A cikinsa akwai santsin faifai masu taɓa fata, su ne ke ɗaukar sigina, da ɗigo-ɗigon roba da ke hana shi zamewa.

Batun girman nan kada a raina shi. Yaran makarantun ƙwallo 'yan 15 zuwa 17, da wasu siraran 'yan gefe, M–XXL yakan yi musu yawa ko an ja shi ƙarshe. Bel mai sako-sako yana tsalle a ƙirji, lambar da ke allo ta yi ta hauka, a ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba. In za a saya wa ƙungiya, a haɗa da ƙananan ko da biyu ne.

Akwai ƙanensa, H9, mai sauƙin kuɗi. Awonsa ma daidai ne, sai dai ba shi da ma'ajiya, kuma Bluetooth ɗaya yake ɗauka. Ga mai gudu a kan titi da waya a aljihu, H9 ya wadatar. A filin ƙwallo kuwa, inda ba mai shiga fili da waya, ma'ajiyar nan ita ce abin da ake biyan bambancin kuɗin dominsa.

Masu tambayar me zai hana a yi amfani da agogon hannu mai koren haske: agogon yana hasashen bugu ne daga gudanar jini a wuyan hannu, kuma girgizar hannu da saurin sauya gudu suna rikita shi, ya riƙa biyo baya. Ga kuma haɗarin sa agogo a wasan da ake gogayya jiki da jiki.

Ɗaurawa

A jiƙa faifan ciki da ruwa sosai, ruwan leda ma ya isa. A ɗaura a kan fata, ƙasa da tsokar ƙirji kaɗan, a ja shi ya kama jiki amma ba har ya hana cika huhu ba. Yatsa biyu su iya shiga da ƙyar. Sannan a danna na'urar a kan maɓallan har a ji ƙas sau biyu, rubutun yana miƙe.

Minti biyar na farko su ne masu rigima, musamman a Jos. Da ƙarfe 6 na safe jiki a bushe yake, gumi bai fito ba, sai ka ga yaro yana ɗan sassarfa amma allo ya ce 215, ko lambar ta ɓace ɗungurungum. Bushewar fata ce da gogar rigar leda, wadda ke tara ɗan lantarki. Da hunturu abin ya fi muni, ga kuma basilin da yara ke laftawa a jiki saboda kaushi: mai yana shiga tsakanin fata da faifai ya toshe sigina. Maganin ba shi da wahala. A goge ƙirji da jiƙaƙƙen tsumma kafin a ɗaura, a sake jiƙa bel ɗin, a ɗan yayyafa wa gaban rigar ruwa. Idan gumi ya zo komai zai daidaita. Abin da ya kamata mai duba bayanai ya sani shi ne, duk wani tsinin da ya harba sama a lokacin ɗumama jiki, ya share shi, kada ya rubuta shi a matsayin ƙololuwar bugun yaro.

Ƙololuwar bugu, wadda komai ya rataya a kanta

Manhajar Polar da ke waya za ta tambayi shekaru ta yi lissafin nan da kowa ya sani: 220 a debe shekaru. Kada a yarda da shi. Lissafin yana kuskure da bugu 10 sama ko ƙasa a mutane da yawa, wani lokaci fiye. Balle a ƙwallonmu, inda shekarun da ke jikin takarda da na jikin mutum ba kullum suke gaisawa ba.

Ga yadda kuskuren ke ɓata aiki. A ce 'yan wasa biyu, kowanne shekara 24, lissafi ya ba su 196. A gaskiya ƙololuwar ɗaya 186 ce, ta ɗayan 205. Koci ya ce kowa ya riƙe kashi 90, wato 176. Na farkon yana kusan kashi 95 na ƙarfinsa, zai ƙone kafin zagaye na uku, a ce ba shi da zuciya. Na biyun yana kashi 86, yana shan iska abinsa, a yaba masa. An zalunci ɗaya, an cuci ɗayan da hutun da bai roƙa ba.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce gwajin Yo-Yo, wanda Jens Bangsbo na Denmark ya tsara. Ana jera kon, wato 'yan alamun roba, a mita 20, da wani a mita 5 bayan layin farawa. Ɗan wasa ya je ya dawo, mita 40 ke nan, bisa ƙarar da lasifika ke bayarwa, ya huta daƙiƙa 10 yana takawa zuwa kon ɗin baya ya dawo, sauri na ƙaruwa sannu a hankali daga kilomita 10 a sa'a, har ya kasa cim ma layi sau biyu. Lambar da ta fi girma a mintin ƙarshe ita ce ƙololuwarsa, ko dab da ita. A shigar da ita da hannu cikin manhaja. In daga baya wasan sada zumunta ya nuna wadda ta fi ta, kuma ta hau a hankali ba tsalle ta yi ba, a sauya. Kada a yi gwajin nan ranar farko da dawowa daga hutu. A bari kwana huɗu ko biyar jiki ya warware, fili kuma ya zama ba mai santsi ba, domin juyawa a laka na cinye mitoci.

Gudu huɗu-huɗu

A nan ne bel ɗin ke biyan kuɗinsa. Tsarin sananne ne: gudu na minti 4 a kashi 90 zuwa 95 na ƙololuwa, sassarfa minti 3 a wajen kashi 70, a maimaita sau 4. Binciken da Jan Helgerud da abokan aikinsa suka yi a Norway, aka wallafa a 2001, ya gwada irinsa a kan matasan 'yan ƙwallo, sau biyu a mako har mako takwas. Ƙarfin jan iskarsu ya ƙaru da kusan kashi 11, nisan da suke ci a wasa ya ƙaru da kashi 20, yawan gudun tsere da suke yi ya ninka. Ga mai ƙololuwa 196, ana neman 176 zuwa 186 a lokacin aiki, wajen 137 a lokacin sassarfa.

Ba tare da awo ba, ga yadda ake lalata shi. An busa usur, yara sun fita a guje kamar an saki awaki, kowa na son koci ya gan shi a gaba. Minti ɗaya da rabi ƙafafu sun yi nauyi, sauran lokacin jan jiki ne. Zagaye na uku ba wanda ke iya kai zuciyarsa kashi 90, domin tsoka ta riga ta ƙi. An sha wuya, amfanin kaɗan. Bel ɗin yana koya wa yaro haƙuri: zuciya tana ɗaukar minti ɗaya zuwa biyu kafin ta hau inda ake so, saboda haka wanda ya ga 165 bayan daƙiƙa 40 kada ya ƙara wuta, tana tafe. Alamar an yi daidai ita ce a gama zagaye na huɗu da saurin na farko, kuma ɗan wasa ya ji zai iya ƙara minti ɗaya in an matsa masa. Abin da koci zai ƙirga a ƙarshe shi ne mintocin da kowa ya yi sama da kashi 90. Takwas zuwa goma cikin goma sha shida aiki ne mai kyau. Wanda ya samu uku bai yi atisayen ba, ko da ya fi kowa haki.

Tudun Jos ma yana taimakawa. Gangare mai sauƙi, wanda ba ya tilasta wa mutum tafiya, yana ɗaga bugu da wuri ba tare da an buƙaci saurin da ke wahalar da bayan cinya ba.

Ƙananan wasanni, da masu ɓuya a cikinsu

Yawancin kociyoyi sun fi son a samu juriya da ƙwallo a ƙafa, kuma suna da gaskiya. Huɗu da huɗu a fili mai mita 30 da 40, minti 4 sau 4, hutun minti 2 zuwa 3, yana iya kai zuciya inda gudu huɗu-huɗu ke kai ta. Sharaɗin shi ne kowa ya yi aiki, kuma a nan bel ɗin ke tona asiri. A kowace ƙungiya akwai gwanin da ya iya tsayuwa. Yana karɓa, yana bayarwa da taɓawa ɗaya, yana nuni da hannu, ana tafa masa, amma zuciyarsa ba ta wuce kashi 80 ba. Sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa iya ƙwallo, shi ya sa ido ba ya kama shi. A wani ɓangaren kuma, wanda ya fi kowa juriya wasan bai isa ya gajiyar da shi ba, sai an ƙara masa gudu daban bayan an tashi.

Da lamba a hannu, koci na iya juya wasan kamar famfo. A cire masu tsaron raga, bugu ya hau. A faɗaɗa fili ko a rage mutane zuwa uku da uku, ya hau. A jera ƙwallaye a gefe yadda ba za a tsaya jiran wadda ta faɗa cikin ciyawa ba, a sa mutum-da-mutum, a ce ba a ƙirga ci sai kowa ya haye tsakiya, duk suna ɗaga shi. Ko ihun koci kansa yana ƙara bugu. Bakwai da bakwai da gola a ƙaramin fili kuwa wasan dabara ne, kada a rubuta shi a littafi a matsayin ranar juriya.

Domin auna nauyin rana gaba ɗaya, manhajar tana raba bugu gida biyar: kashi 50–60, 60–70, 70–80, 80–90, 90–100. A ninka mintocin kowane gida da lambarsa, 1 zuwa 5, a tara. Atisayen minti 90 da ya kasu 20, 25, 20, 15, 10 zai ba da 240. Lambar ita kaɗai ba ta da ma'ana. Amfaninta yana wurin kwatanta makon nan da na jiya a kan mutum ɗaya. Wanda ya dawo daga hutun wata guda aka tara masa ninki biyu na makon farko a mako na biyu, ana kiran rauni da hannu bibbiyu.

Tsayin Jos da zafin da ke jira a waje

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Akwai masu cewa mako biyu a nan zai ƙara wa ɗan wasa jini irin na 'yan gudun Kenya. Wannan zuƙi ne. Iten, garin 'yan gudun, yana wajen mita 2,400, kuma irin sauyin jinin da ake magana yana buƙatar mita 2,000 zuwa sama da zaman makonni. Abin da tsayin Jos ke yi ƙarami ne amma bel na ganinsa: ɗan wasan da aka ɗauko daga Legas ko Fatakwal, a kwanakinsa na farko zuciyarsa za ta ɗan fi bugawa a saurin da ya saba. Kada a yanke masa hukunci da gwajin ranar da ya sauka daga mota.

Babbar matsalar ƙungiyar Jos ita ce sanyin da take jin daɗinsa. An yi mako shida ana atisaye da hantsi cikin iska mai daɗi, sai jadawali ya jefa ku Kano ko Aba da ƙarfe 4 na yamma. A zafi jini na karkata zuwa fata domin sanyaya jiki, ruwa na fita, zuciya na ƙara bugu a kan aiki iri ɗaya, kuma tana ci gaba da hawa yayin da wasa ke tafiya. Jiki na buƙatar kwana 7 zuwa 14 na aiki cikin zafi kafin ya saba. Saboda haka a makonni biyun ƙarshe a mayar da babban atisaye lokacin da za a buga wasa, a nemi wasan sada zumunta a Lafiya ko Abuja, a sa bel a kwatanta da na gida. A haɗa da sikeli: a auna nauyi kafin atisaye da bayansa, kowane kilo da ya tafi kusan lita ɗaya ce ta ruwa, a mayar da lita ɗaya da rabi. Wanda ya rasa fiye da kashi 2 na nauyinsa, bugunsa na ranar ba ya nuna rashin juriya, ƙishi yake nunawa.

Akwai wani amfani na damina da ba a cika ambata ba. In ɗan wasa ya ɗaura bel da asuba kafin ya tashi daga katifa, ya kwanta minti uku, za a san bugun hutunsa. Wanda ya saba 52 aka wayi gari yana 63 kwana biyu a jere, ko gajiya ta taru, ko zazzaɓin cizon sauro na tafe. A tura shi gwaji kafin a tura shi fili.

Don ganin ko aiki na ci, ba sai an maimaita Yo-Yo har ƙarshe ba. A yi minti 6 na farkonsa kawai, a rubuta bugun da aka tsaya a kai da na bayan minti ɗaya da tsayawa, a maimaita duk mako biyu, a fili ɗaya, a lokaci ɗaya. Wanda ya fara da kashi 91 ya sauko 85 a mako na biyar, injinsa ya ƙaru, kuma ba a kashe masa rana ba.

Inda bel ɗin ya makance

A wasa, ɗan wasan fili yakan ci kilomita 10 zuwa 12, matsakaicin bugunsa wajen kashi 85. Amma abin da ke raba gardama, kuma yake yaga tsoka, shi ne 'yan daƙiƙun tsere, birki da juyawa. Tseren mita 30 daƙiƙa huɗu ne. Kafin zuciya ta farga an gama. H10 ba shi da GPS, bai san nisa ba, bai san sauri ba, ba zai gaya maka mitocin da ɗan gefenka ya yi sama da kilomita 19.8 ko 25.2 a sa'a ba, waɗanda su ne ma'aunan da rigunan STATSports da Catapult da makamantansu ke yawan amfani da su. Za ka iya samun ƙungiyar da jadawalin zuciyarta ya yi kyau ƙwarai bayan mako shida na ƙananan wasanni, alhali ba wanda ya buɗe ƙafa ya yi tsere na gaske ko sau ɗaya, domin fili mai mita 40 ba ya ba da dama. Ranar farko ta gasa aka jefa doguwar ƙwallo, ɗan gaba ya bi ta da dukkan ƙarfinsa, ya dafe bayan cinya. Bel ɗin ba zai taɓa yin gargaɗi a kan wannan ba.

Cike giɓin ba ya buƙatar na'ura. Sau ɗaya ko biyu a mako, bayan ɗumama jiki mai kyau kuma kafin gajiya, tsere 4 zuwa 6 na mita 30 zuwa 40 da cikakken sauri, hutun minti 2 zuwa 3 tsakani, ana farawa da kashi 80 zuwa 85 a makon farko. Sai atisayen Nodik na bayan cinya: mutum ya durƙusa, aboki ya danne masa idon sawu, ya tafi gaba a hankali yana riƙe kansa har ya faɗi a kan tafin hannu. A fara da 5 sau 2 a makon farko, a hau a hankali zuwa 12, 10, 8 a mako na biyar. Binciken da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna yana rage raunin bayan cinya da kusan rabi. A yi shi a ƙarshen atisaye, kuma kada a fara shi kwana biyu kafin wasa, domin ciwon farkonsa ba wasa ba ne. Sannan mintocin wasan sada zumunta su hau daki-daki, 45, 60, 75, 90, yadda duk wanda ake sa ran zai fara wasa ya buga cikakken 90 aƙalla sau ɗaya kafin gasa. Ranakun ɗaga ƙarfe da tsalle ma bel ɗin yana raina su, saboda bugu ba ya hawa sosai. A irin ranakun a tambayi kowane ɗan wasa shi kaɗai, minti 30 bayan an tashi, wahalar ta kai nawa daga 0 zuwa 10, a ninka da mintoci. Bakwai a minti 90 ya zama 630.

Haka nan bel ɗin ba likita ba ne. Tun faɗuwar Samuel Okwaraji a filin wasa na Legas a 1989 har zuwa Chineme Martins na Nasarawa United a Lafiya a 2020, waɗanda duk suka yanke jiki ana cikin wasa suka rasu, ƙwallon ƙasar nan ta san abin da ake nufi. Ƙirga bugu daban, gwajin zuciya na asibiti daban, kuma na asibitin ne ya kamata ya riga gudun farko. Wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri, ko bugunsa ya yi tsalle sama ya ƙi sauka bayan an tabbatar bel na zaune daidai, a tsayar da shi nan take.

Mutum 25 da waya ɗaya

Wannan ne wurin da ya fi ba da haushi. An gina H10 ne don mutum ɗaya da wayarsa. Siginar Bluetooth ba ta ratsa jikin mutum da kyau, saboda haka wayar da ke bakin layi za ta riƙa rasa ɗan wasan da ya yi nisa ko ya juya mata baya. Polar na da manhajar iPad mai suna Polar Team da ke nuna 'yan wasa da yawa a allo ɗaya, amma don wasannin cikin zaure aka yi ta. Tana da amfani a ƙaramin fili in mai riƙe da ita ya tsaya kusa, a cikakken fili kuwa kada a dogara da ita. Tsarinsu na manyan ƙungiyoyi, Polar Team Pro, kuɗinsa wani labari ne daban.

Dabarar da ke aiki ita ce ma'ajiya. A fara ɗauka daga manhaja, a jefa waya cikin jaka, a yi atisaye, a dawo a sauke. Tunda atisaye ɗaya take riƙewa, dole a sauke na safe kafin na yamma. A rubuta lamba da fenti a jikin kowace na'ura, a riƙe littafi: lamba kaza, wane, ranar kaza. In bel na yawo tsakanin mutane, a tuna kason da manhaja ke nunawa na mai akawun ne, sai a ɗauki ainihin bugun a yi lissafi da ƙololuwar wanda ya sa. Ƙungiyar da ba za ta iya sayen 25 ba, 6 zuwa 8 sun isa a fara: a ba masu dawowa daga rauni, sababbin zuwa, da waɗanda ake zargi da ɓuya, a riƙa juyawa. Amma a ware mutum ɗaya da aikinsa ke nan. Inda aka bar wa koci shi kaɗai, mako biyu ne bel ɗin zai koma ƙasan jakar rigunan atisaye.

Kulawa da saye

Abin da ya fi kashe batir shi ne barin na'ura maƙale da jiƙaƙƙen bel, domin tana ɗauka har yanzu a jikin mutum take. A cire ta da an tashi, a goge, a ɗauraye bel da ruwa, a shanya a inuwa, ba a kan kwanon rufi ba. Lokaci-lokaci a wanke da sabulu mai sauƙi, ba bilic, ba guga, ba murɗawa, kada a ninke shi a kan faifan. Da damina a tabbatar ya bushe kafin a tura jaka, in ba haka ba wari da ƙuraje za su biyo baya, musamman in ana karɓa-karɓa. Bel ɗin ne ke fara mutuwa kafin na'urar. Alamarsa ita ce lamba ta riƙa yankewa ko bayan gumi ya zo kuma batir sabo ne. Ana sayar da bel ɗin shi kaɗai, don haka mai oda ya haɗo da na canji tun farko.

Farashinsa a waje yana kewayen dala 100, a nan kuwa ya danganta da canji da wanda ya shigo da shi. In an kawo maka a rabin wannan, ka haɗa shi da manhajar Polar a gaban mai sayarwa, ka ga ta gane shi da suna da lambar da ke bayansa, ka gwada ma'ajiyar kafin ka biya. Batir kuma ana samunsa wurin masu gyaran agogo a kasuwar Terminus. Sau da yawa za a miƙo maka CR2032 a ce duk ɗaya ne. Faɗinsu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya, amma kaurinsa milimita 3.2 ne, na CR2025 kuwa 2.5. In ka danna shi da ƙarfi murfin ba zai zauna ba, zoben robar da ke tare ruwa ya tashi daga aiki, gumi ya shiga ciki.